Dangar Bushiya da Ramin Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

To ku matso, ku bar surutu. Wannan ta Kurege ce da maƙwabciyarsa Bushiya, tun zamanin da jikin Bushiya yake sumul kamar bayan ƙwarya, ko ƙaya ɗaya babu.

Bushiya tana da ɗan lambu a bayan ɗakinta. Mijinta ya rasu, ba ta da kowa, ba ta da komai sai kabewarta. Ita ke shuka, ita ke ban ruwa, kabewar nan ce cinta da shanta. Kurege kuwa bai taɓa riƙe fartanya ba. To amma al'adar garin, duk abin da ya tsallako danga ya faɗo gidanka, naka ne. Kabewar Bushiya ta yi yaɗo ta haura, ta zuba 'ya'ya a gidan Kurege. Shi kuwa kullum miyar taushe, yana lasar hannu yana hamdala.

Ana nan sai awaki suka gano lambun. Su tsallaka su ci, su tsallaka su ci. Bushiya ta shiga daji ta saro ƙaya, ta ƙara wa dangarta tsawo. Awaki suka zo suka ga ba hanya. Kabewa ma ta ga ba hanya, ta yi zamanta a gida.

Kurege ya ɗaga kai, ba abin da ya gani sai ƙaya. Ya ce, "Inna Bushiya, wannan danga ce ko ganuwa? Kin tare min iska."

Ta ce, "Awaki na tare, ɗan nan. In kabewa kake so, ɗauki tulu mu yi ban ruwa."

Ya ce, "Wayyo, bayana ciwo yake."

To garin yana da doka: danga ba ta wuce kan Zalɓe. Zalɓe, tsuntsun nan mai dogayen ƙafafu, shi ne Sarkin Awo. Zai tsaya a gindin danga, in ta wuce kansa, a datse ta. Kurege ya san ta Bushiya ba ta kai ba. Sai ya bari ta tafi kasuwa, nan take ciwon baya ya warke. Ya hau tono a gindin dangar ta ɓangarensa. Ya tona, ya tona, ya yi rami mai zurfi. Sannan ya ɗauki busasshen kifi ya nufi gidan Zalɓe.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, gaisuwa na kawo. Sai dai akwai wata danga da ta raina doka."

Zalɓe ya haɗiye kifi, ya ce, "Mu je mu gani."

Ya zo yana taku ɗaya-ɗaya, ya zurma cikin rami, ya miƙe wuya. Danga na can sama da kansa. Ya ce, "Ta wuce. A datse."

Bushiya da ta dawo daga kasuwa ta leƙo ta tsakanin ƙaya, ta ce, "Ranka ya daɗe, ai cikin rami kake tsaye! Zagayo ta wajena ka auna."

Ya ce, "Doka cewa ta yi gindin danga. Nan ba gindin danga ba ne? Ko ke za ki koya min aikina?"

Ta ɗauko lauje da hannunta, ta datse dangarta tana hawaye.

Kabewa ba ta haura ba. Kurege ya ƙara tono, ya ƙara kifi. Zalɓe ya zurma, ya ce a datse. Aka datse. Ya ƙara tono, ya ƙara kifi, aka ƙara datsewa, har dangar ta dawo ko ɗan akuya bai ɗauke ta a bakin komai ba. Maƙwabta suna gani. Wallahi wannan wurin duk lokacin da na zo shi sai raina ya ɓaci.

Kurege ya shimfiɗa tabarma, ya wanke tukunya, yana jiran kabewa. Awaki suka riga ta. Suka cinye ganye, suka cinye fure, suka farfasa 'ya'yan, suka tumɓuke har saiwa. Kafin Kurege ya rufe baki hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa. Rami ya cika, ragowar danga ta rufta ciki, ruwa ya bi ya shige ɗakin Kurege, ya fito da shi yana iyo tare da tukunyarsa.

Mutanen unguwa suka taru, kowa da sanda, don ruwan ya shiga nasu gidajen. Suka ce, "Wa ya tona wannan rami?"

Kurege ya tofar da ruwa, ya ce, "Ni ne, kuma ba na neman godiya. Magudanar ruwa na yi wa unguwa, dangar Inna ce ta toshe ta. Ku tambayi Sarkin Awo, da ƙafarsa ya shiga ya duba aikin."

Zalɓe ya dubi jama'a, ya dubi sanduna, ya dubi kwaɗin da suka fara taruwa a ramin. Ya ce, "Haka aka yi. Mai danga ta kwashe ƙayarta kafin rana ta faɗi."

Bushiya ba ta yi kuka ba, kukan ya ƙare. Ta shiga taɓo tana tsintar ƙaya. Ba igiya, ba kwando, sai ta riƙa kafawa a bayanta. Jini na zuba, tana kafawa, har ta rufe jikinta kaf. Ta juyo ta dubi Zalɓe, ta ce, "Ranka ya daɗe, ga sabuwar dangata. Zo ka auna."

Bai zo ba. Ta dunƙule, ta gangara ta bar garin. Shi ya sa har yau in ka matso kusa da ita ba ta tambayar ko kai wane ne.

Kurege ya bi bayanta da kallo, ya ce, "Kai, mutane ba amana. Ko irin kabewar ba ta bar min ba."

Kurunkus kan busasshen kifi. Saboda haka, yara, in kun girma za ku yi danga, kada ku fara da sarar ƙaya. Ku fara zuwa bakin kogi neman kifin Sarkin Awo.