Ranar Da Tudun Rairayi Ya Zubar Da Jini

A zamanin da, can baya ƙwarai, an yi wani Sarki wanda birninsa ke bakin wani babban tafki. Bayan tafkin akwai dogon tudun rairayi, fari fat, ya kwanta kamar raƙumi. Ruwan tafkin nan shi ake sha, da shi ake girki, da shi ake wa jarirai wanka.

Wata shekara sai ruwa ya juya. Da fari kwaɗi suka yi shiru. Ka zo bakin tafki da rana tsaka, ba kukan tsuntsu, ba motsin kifi, sai ka ji kamar wani abu na kallonka daga ƙarƙashi. Daga nan mata suka fara ganin wani shuɗin zobe a cikin randa, ga wari irin na jiƙaƙƙiyar fata. Yara suka kama gudawa. Ni dai ko a labari ba na son jin ciwon yaro, amma haka aka ce: cikin wata guda an binne goma sha ɗaya.

Sarki ya tara fadawa ya tambayi dalili. Waziri Barmo ya gyara rawani ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ba ƙazantar ɗan Adam ba ce. Shekara biyar ke nan da na ba da shawara aka kwashe marina da majema daga bakin ruwa aka kai su bayan tudu. A rami suke zuba dattinsu, rairayi ya shanye, shi ke nan. Aljanar tafki ce aka saɓa wa, kuma Nomau Sarkin Ruwa ne mai kula da ita. A ba ta shi, ta huce."

Sarki ya yanke hukunci: in kwana bakwai suka cika ruwa bai gyaru ba, a ɗaura wa Nomau dutse a jefa shi tsakiyar tafki.

To, Nomau yana da uwa, wata tsohuwa ana ce mata Marka, shi kaɗai ya rage mata. Sana'arta tonon ruwa a gindin tudu ta ɓangaren tafki, inda yake tsattsafowa garai-garai. Da ta ji hukunci, ba ta yi kuka ba. Ta je ta tona rami a gindin tudu ta shinshina, ta shiga tafki har ƙugu ta ɗebo ta shinshina. Na gindin tudu ya fi wari nesa ba kusa ba.

Ta tafi fada ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba daga cikin tafki ciwon yake ba. Ta ƙarƙashin tudu yake zuwa."

Waziri ya yi dariya. "Tsohuwa, tudu ne ko rariya?"

"Rariya ce, ranka ya daɗe. Girma kawai ta yi."

Fadawa suka ƙyalƙyale, amma Sarki bai yi dariya ba, domin jikarsa na cikin masu kwanciya. Ya ce, "Me zai nuna?"

Marka ta ce, "A dafa karan dafi, jan rinin nan na majema, tulu arba'in. A zuba a ramin bayan tudu. Kuma Waziri ya zuba da hannunsa, tun da shi ya san rairayi."

Aka yi haka a ranar. Waziri yana zubawa yana cewa, "Kin gani? Ya shanye." Lallai kuwa ya shanye, ko alama ba ta rage ba.

Marka ta koma gindin tudu ta zauna. Kwana ɗaya, biyu, uku, ruwa na tsattsafowa fari. Mata suka daina bi ta kusa da ita. Ran na biyar ta fara tambayar kanta ko hancinta ne ya yaudare ta, ko kuwa tudun ya fi kwana bakwai faɗi. Wannan shi ya fi ba ta tsoro: ta yi gaskiya, amma gaskiyar ta iso bayan an jefa ɗanta.

Ran na bakwai da hantsi dogarai suka fito da Nomau, duk gari na biye. Da ya zo wucewa ya ce, "Inna, ki tashi daga rana. Kin yi iyakar ƙoƙarinki."

Ba ta ɗago ba. Idonta na kan rairayi.

Ana cikin ɗaura masa dutse sai wani jan zare ya ɓullo daga gindin tudu, siriri, yana tafiya a hankali kamar ya san hanya. Wani ya fito gefensa, sai wani. Kafin a ƙulla igiya, farin tudun nan yana zubar da ja ta wuri tara, duk yana gangarawa cikin ruwan da suka sha da safe. Wata mata ta sauke tulun da ke kanta, ta kife shi.

Sarki ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "A kwance shi." Ya umarta a kwashe ramukan nan har ƙasa, a kai marina da majema can gangaren da ruwa ke barin gari, kada kuma a ƙara zuba ko da ruwan wanki a kan tudu ko bayansa.

Sai ya juya ga Waziri, wanda ya riga ya durƙusa.

"Ba zan kashe ka ba, Barmo. Ba da mugunta ka kai su bayan tudu ba. Amma ka so a nutsar da ɗan mutane don kada a duba shawararka. Daga yau, kowace safiya, Marka za ta ɗebo ƙoƙo ɗaya daga gindin tudun nan, kai za ka fara sha kafin kowane yaro a garina."

An ce damina uku aka yi kafin ruwan ya koma daidai. A duk tsawon wannan lokaci, ba a taɓa yin mai gadin tudu irin Waziri Barmo ba. Ko akuya ya hango ta tsaya a kai, da gudu yake hawa, rawani na warwarewa.