Gurbi Ɗaya, Fim ɗin Mutum Uku

Ku gyara zama, ga wata magana da nake so ku raba mini gardama a kanta.

A wani ƙauye na bakin tafki wajen Nguru akwai wata yarinya, Barira, 'yar Baba Garba mai fito. Shekara arba'in yana tsallakar da mutane a kwalekwale, sai ga shi idonsa ya fara dushewa. A jami'a Barira ta yi abokai biyu, Tasi'u da Mansura, dukansu uku ba su da buri sai koyon shirya fim. Mansura ta ba su labarin wata makaranta a ƙasar waje da dubban mutane ke nema, ta ɗauki goma sha biyu kacal a shekara, karatu kyauta. Sharaɗin shi ne a aika da gajeren fim na minti goma. Suka ce su haɗa kai su yi guda.

Barira ce ta kawo labarin: fiton ƙarshe na mahaifinta kafin ya ajiye sandar tuƙi. Tsohon ya ƙi, ya ce ba ya so duniya ta gan shi yana lalube. Wata guda tana zama gefensa da hantsi, tana taya shi ɗinke komar kamun kifi, ba ta sake tayar da zancen ba. Ran nan da kansa ya ce, "Kira abokan naki, uwata. Gara ki gan ni a ruwa ko bayan ba ni." Ita ta san tambayar da za ta sa shi magana, ta kuma san inda za ta yi shiru.

Tasi'u ne ya riƙe kyamara. Da ya ga daga tudu ba a kama fuskar tsohon, sai ya shiga ruwa har ƙirji, kyamara a saman kai, kwana shida a jere. Shi ya kamo lokacin da Baba Garba ya tsoma hannu a ruwa ya gane hanya da yatsunsa. A rana ta bakwai zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu.

Da aka zo haɗa fim ɗin, ashe iska ta cinye sautin gaba ɗaya, ga saura kwana tara a rufe karɓa. Barira ta zauna ta yi kuka. Mansura ta hau mota ta koma ƙauyen ita kaɗai. Ta sake naɗar ƙarar sanda a ruwa, da kukan tsuntsaye, da muryar tsohon jimla bayan jimla, ta dawo ta daidaita kowace kalma da motsin leɓensa. Ita ta fassara maganarsa zuwa Turanci, ta aika ana saura awa uku.

Bayan wata uku amsa ta zo. Fim ɗin ya burge malaman, amma gurbi ɗaya suke bayarwa a kan kowane fim. Su ukun su zaɓi mutum ɗaya, su aika da sunansa kafin Juma'a.

Suka taru a zauren Baba Garba. Barira ta ce a ba Tasi'u, don bana ce shekararsa ta ƙarshe, baɗi ya wuce shekarun da ake ɗauka. Tasi'u ya ce a ba Mansura, wadda sau biyu tana nema ana mayar da ita. Mansura ta ce fim ɗin mahaifin mutum ne, wa zai tsaya gaban baƙi ya yi bayaninsa in ba 'yarsa ba? Barira tana so, har cikin ranta tana so, amma ta dubi tsohon yana laluben butarsa, sai ta sunkuyar da kai.

Suka roƙe shi ya yanke. Sai ya ce, "Ɗaya ta buɗe mini baki, ɗaya ya ara mini ido, ɗaya ta dawo mini da muryata. Ban iya cire ɗaya ba, 'ya'yana."

Yau Laraba, takarda na jiran suna guda. To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata a rubuta?