Ranar da Aka Karɓi Kofur a Bakin Kantinsa

Akwai wani mutum a wani ƙaramin gari da ke bakin hanyar mota, sunansa Irmiya, amma in ka shiga garin kana cigiyar Irmiya za ka sha yawo. Kofur kowa yake kiransa, har matarsa Talatu, har jikokinsa. Ya yi aikin soja yana saurayi, ya je yaƙi, Allah ya komo da shi da ƙafafunsa biyu. Da ɗan abin da aka sallame shi da shi ya buɗe kanti a jikin zauren gidansa, yana sayar da sukari da gishiri da ashana da kananzir, da sabulu, da zare da allura, da alewar yara.

Kantin ƙarami ne, amma tsarinsa na bariki ne. Gwangwanayen madara a jere suke kamar masu fareti, kowanne yana fuskantar ƙofa. Ƙarfe shida na safe ƙofa a buɗe take, ko ana ruwa ko ana sanyi, har maƙwabta suka daina damuwa da carar zakara. Mutum ne mai fara'a, ba ya tauye mudu, in ya auna maka sai ya yi maka gyara. Kowa na son sa.

Sai dai yana da hali ɗaya da ya gagari kowa: ba ya barin bakin kantin nan. Shekara talatin da biyar bai taɓa kwana a wani gari ba. Ko sarin kaya, direban motar kasuwa yake ba sautu. Ranar Lahadi yakan rufe ya tafi sujada, wannan gaskiya ne, amma majami'ar tana tsallaken titi ne kawai, kuma kowa ya san kujerarsa, ta bakin taga, inda ake hango ƙofar kanti. Da aka ɗaura auren ɗansa na fari a wani gari, ƙanensa ya tura ya tsaya masa. In an yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: "Soja ba ya barin wurin gadi sai an karɓe shi."

Talatu takan ce, "To wa zai karɓe ka, Kofur? An gama yaƙin nan tun ba mu yi aure ba."

Sai ya yi dariya, ya ci gaba da goge kanta.

Amma dariyar nan tana rufe da wani ciwo. A lokacin yaƙi, wata rana da tsakar rana, an sa shi gadin wata gada shi da amininsa Tanimu, wanda suka taso unguwa ɗaya suka shiga soja rana ɗaya. Masu canjinsu suka yi jinkiri, ƙishirwa ta dame shi, sai ya ce wa Tanimu bari ya gangara rafi ya ɗebo musu ruwa. Yana cika gora ya ji ƙarar igwa. Da ya hauro, ya tarar Tanimu ya riga mu gidan gaskiya. Ba wanda ya tuhume shi, ba wanda ya hukunta shi, aka wuce gaba da yaƙi. Da ya ga babu mai hukunta shi, sai ya yanke wa kansa hukunci, ya ce daga ranar duk inda aka ajiye shi ba zai ƙara gusawa ba. Talatu kaɗai ya taɓa gaya wa wannan, sau ɗaya, suna sabon aure.

Ana nan, sai idanun Kofur suka fara dushewa. Da fari ya ɓoye, domin ya san wurin kowane kaya a kantin da hannu. In an ce masa ya auna ba daidai ba, sai ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Asirin ya tonu ne ranar da zumuntar matan majami'a suka aiko a sayo musu sukari mudu biyu na kunun taro, Kofur ya auna musu gishiri, har da gyara. Matar fasto ce ta fara kurɓa. An yi wata guda ana ba da labarin yadda ta yi da fuska, kuma Kofur ya fi kowa dariya.

'Yarsa Murna, wadda take aikin jinya a asibitin birni, ita ba ta yi dariya ba. Ta zo gida ta duba idanun, ta ce, "Baba, yanar ido ce ta rufe su, duka biyun. Likitocin ido za su zo asibitinmu bayan girbi, mako ɗaya kawai za su yi. Kwana uku za ka yi a can, a cire maka. In ka bari suka tafi sai baɗi, kuma kafin baɗi ko fuskar Mama ba za ka gane ba."

Kofur ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wa zan bar wa kanti?"

"A rufe shi mana, Baba. Kwana uku ne."

"Rufewa ai gudu ne."

Fasto ya zo ya yi magana, dattawan ikilisiya suka zo, surukarsa ta ce ita za ta zauna a kantin. Kofur ya ba kowa alewa ya sallame shi da godiya. A ransa kuwa tsoro ne fal, domin ya san makanta na tafe, amma yana ji kamar in ya taka ƙafa ya bar wurin nan, ya sake barin Tanimu ke nan a kan gada. Girbi ya wuce, likitoci suka iso ran Litinin. Litinin ta wuce, Talata ta wuce.

Ran Laraba da sassafe Talatu ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa unguwa, ta ce za ta fita ne saboda wani mara lafiya. Ba ƙarya ta yi ba, sai dai ba ta faɗi ko wane ne mara lafiyar ba, kuma a bakin kanti ta baro shi. Masu magana sun ce kowane allazi da nasa amanu.

Wajen azahar Kofur yana zaune a kan bencinsa, sai ya ji babur ya tsaya, ya ga inuwar mutane suna saukowa a hankali. Ya ji ƙarar sanda tana matsowa. Sai wata murya, wadda tsufa ya cinye rabinta amma bai taɓa sauran rabin ba, ta ce, "Kofur Irmiya."

Kafin ya san abin da yake yi, ya miƙe ya ƙame, hannu a goshi. Ƙafafunsa sun gane muryar kafin kansa ya gane. Saje Kefas ne, wanda ya shugabance su a wurin yaƙi. Yanzu ya haura tamanin, yana zaune a wani ƙauye mai nisa wajen 'ya'yansa, kuma Talatu ta yi ta tambaya a tasha uku kafin ta gano gidan.

Saje ya shiga kantin yana dogara sanda, ya shafa kanta da yatsa ya duba ko da ƙura, ya gyaɗa kai. Sannan ya juyo ya ce, "Tun yaushe kake kan wannan gadi?"

"Shekara talatin da biyar, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa ka?"

Kofur ya ƙara ƙamewa.

Saje ya rage murya ya ce, "Matarka ta gaya mini komai a hanya. Irmiya, ni na binne Tanimu da hannuna. Na ga ramin da igwar nan ta haƙa. Da kana tsaye a wurin, da kabari biyu na tona, ba abin da bindigarka za ta hana. Kuma masu canjinku da suka makara, ni ne ban turo su da wuri ba. Na kai wannan gaban Ubangiji tuntuni, ya kuwa sauke mini. Kai me ya sa kake ɗauke da kayan da ko naka ba ne?"

Hawaye suka zubo daga idanun nan masu yana, amma hannun Kofur bai sauka daga goshi ba, domin ba a ba shi izini ba.

Saje ya ja bencin, ya jingine sandarsa, ya zauna daram a wurin da ba wanda ya taɓa zama sai mai shi. Ya ce, "Kofur Irmiya, na karɓe ka. Ni ke kan gadi daga yanzu har ka dawo. Sauke hannunka, ka bi matarka ku tafi asibiti. Oda ce."

Kofur ya sauke hannu. Ya ji kafaɗunsa sun yi sakayau, irin yadda mai dako yake ji in an sauke masa buhu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sukari yana hagu, gishiri yana dama."

Saje ya ce, "Kai da aka ba ni labarin kununka ne za ka koya mini? Wuce."

Motar yamma suka shiga. Ran Alhamis aka yi masa aiki, ran Juma'a aka kwance masa ido. Abin da ya fara gani shi ne Talatu zaune a gefen gado. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Talatu, yaushe furfura ta fito miki haka?"

Ta ce, "Kana gadi, Kofur."

Suka yi ta dariya har Murna ta leƙo ta ce su tausaya wa sauran marasa lafiya. Har yau in zuriyar gidan nan suka taru lokacin Kirsimeti, aka ce a ba yara tarihin kakansu, ba da labarin yaƙi ake farawa ba, da wannan Larabar ake farawa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Kofur shi ne ni da ku. Kantin nan shi ne wurin da muka tsayar da kanmu saboda wani abu da ya wuce: maganar da muka gaya wa mahaifi kafin ya rasu, ɗan da muke gani da mun kai shi asibiti da wuri da ya rayu, zunubin ƙuruciya da muka tuba a kansa sau ɗari amma ba mu yarda an gafarta ba. Daga waje ana ganinmu masu himma, ana yabonmu, alhali hukunci muke yi wa kanmu. Muna nan tsaye ido yana dushewa, har mu daina ganin alherin Allah da fuskokin waɗanda suke ƙaunarmu.

Ku lura, mutane da yawa sun ba Kofur shawara mai kyau, amma shawara ba ta ɗaga shi ba. Sai da mai iko a kansa ya zo da kansa, ya faɗa masa gaskiya, ya kuma zauna a wurinsa. Haka Yesu Almasihu ya yi mana, har ya fi haka nesa. Saje yana da nasa laifi a cikin maganar, Ubangijinmu kuwa ba shi da ko ɗaya, duk da haka ya hau gicciye ya tsaya a inda ya kamata mu tsaya. Ko laifin namu ne da gaske, ko zuciya ce kawai take ɗora mana, shi ya ɗauka. Wanda ya ƙi sauka bayan an karɓe shi, ba biyayya yake yi ba, ƙin bin oda ne.

In kuwa kun san wani a gidanku da yake tsaye haka, ku yi irin ta Talatu. Da ta ga bakinta bai isa ba, ba ta tsaya jayayya ba, ta je ta kirawo wanda ya isa. Ku kai shi gaban Ubangiji cikin addu'a, ku kai masa maganar Ubangiji har inda yake zaune.

Kai kuma da kake ji na yanzu, hannunka yana goshi shekara da shekaru, Mai iko duka ya riga ya zauna a wurinka. Sauke hannunka, ka tafi a buɗe maka ido.