Mazarin Iya Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Umma.

Wata tsohuwa ce a wani gari, ana ce mata Iya Tabawa. Ita ke koya wa 'yan matan garin kaɗin zare. Da hantsi sai su taru a gindin tsamiyar gidanta, kowacce da audugarta da mazarinta. Idon Iya ya yi rauni, amma yatsunta sun fi ido gani. In ta shafa zare, sai ta faɗi hannun da ya taɓa shi.

Tana da wani mazari da ta gada wurin kakarta, ya sha hannu har ya yi baƙi yana sheƙi. Ran nan sai ta ce ƙarfinta ya ƙare. Juma'a ta uku za ta duba zaren kowa ta ba da mazarin, wadda ta karɓa kuma ita za ta hau tabarmar koyarwa.

To, a cikinsu akwai Tasalla. Ba mai kaɗi kamarta. Zarenta siriri ne sumul, bai taɓa tsinkewa ba. Ta riga ta sa wa ranta mazarin nan nata ne. Abu ɗaya ke tsaya mata a wuya, wata yarinya Hansai. Kaɗin Hansai tsaka-tsaki ne, amma bakin Iya ba ya rabuwa da sunanta, ƙananan yara kuma duk a gefenta suke zama. Da zaren wata ya tsinke sai ka ji, Yaya Hansai. Sai ta ajiye nata, ta lasa yatsa, ta murza bakin zaren biyu ta haɗa. Ita kuwa Tasalla in an kawo mata, sai ta ce hannunta ba na aro ba ne. 

Makon farko sai ta sace allin Hansai ta tura bayan randa. Kun san mai kaɗi sai ta dangwali alli, in ba haka ba mazari ya yi ta sulɓe mata. Sai yaran nan suka gutsuro nasu, wannan ta ba da, waccan ta ba da, har Hansai ta fi kowa alli. Tasalla ta ciji leɓe.

Mako na biyu sai ta kwashe shiɓaɓɓiyar audugar Hansai, ta zuba mata wadda ba a gurza ba, cike da angurya. Sai yaran suka kewaye ta suna tsincewa suna dariya, kafin azahar sun gama. Ran nan Tasalla ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Mako na uku, ran Alhamis, Hansai ta tafi ɗebo wa Iya ruwa. Sai Tasalla ta ajiye mazarinta a kan tabarma, ta ɗauki kwandon zaren Hansai ta ɓoye cikin zane, ta zagaya ta cusa shi ƙarƙashin rumbu. Ta ɗan jima tana rufewa da kara. Da ta dawo, ta tarar da mazarinta yadda ta bar shi, sai dai sawun akuya a kan tabarma. Hansai kuwa ta riga ta dawo da ruwan tana zaune ba kwando, ba ta tambayi kowa inda yake ba.

Gari ya waye Juma'a. Iyaye mata suka cika gida. Kowa ta ajiye zarenta a gaban Iya, Hansai kaɗai ta zo hannu rabbana. Tasalla ta gyara zama.

Iya ta ɗauki mazarin wata ƙaramar yarinya tana warwarewa tana shafawa. Sai ta tsaya, ta ce, "Wannan haɗin hannun Hansai ne." Ta ɗauki na biyu, ta ce haka. Ta ɗauki na uku, haka. Har ta zo kan na Tasalla. Ta shafa, ta shafa, ta yi ta sa albarka, ta ce ko ita a ƙuruciyarta ba ta kai haka ba. Can sai yatsunta suka tsaya.

Ta ce, "Nan ma."

Tasalla ta ce, "Iya, zarena bai taɓa tsinkewa ba."

Hansai ta sunkuyar da kai ta ce, "Akuya ce ta taka shi jiya, Yaya, sanda kika zagaya bayan rumbu, sai na haɗa miki."

Ashe ta gani. Ta san inda kwandonta yake, ta kuwa san in ta ɗauko za a tambayi wanda ya kai shi can. Tasalla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Iya ta ce, "Na nemi hannun Tasalla, na same shi a mazari ɗaya. Na nemi na Hansai, ba mazarin da babu shi. Wadda ba ta kawo zare ba ai ita ta fi kowa kawowa." Sai ta miƙa wa Hansai baƙin mazarin.

Tasalla ta tashi ta je ta ɗauko kwandon, ta kakkaɓe ƙasa ta ajiye a gaban mutane. Kashegari ta so ta ƙi zuwa, amma Hansai ta biyo ta har gida, ta ce ita fa ba ta iya siririn zare ba, sai Yaya ta zo ta nuna wa yara. Ta je. Ganin mazarin a hannun wata bai daina yi mata ciwo ba, ba zan ɓoye muku ba. Tana zaune sai zaren wata 'yar mitsitsiya ya tsinke. Yarinyar ta dubi Hansai, ta dubi Tasalla, ta matso a tsorace. Tasalla ta lasa yatsa ta murza. Haɗin ya fito da ƙulli kamar ƙwayar gero, don ba ta taɓa yi ba. Iya ta shafa, ta yi murmushi, ta ce, "Wannan sabon hannu ne."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare.

Ni dai abin da ke hana ni sukuni ke nan, mai iyawa ya ƙi taimakon na kusa da shi. Gobe in kun je makaranta, wanda ya iya karatu ya ja na gefensa, kada ya rufe littafi da hannu. Kun ji ko?