Sheƙar Sha-kauci da Gidan Rina

Akwai wani mutum da yake da itacen lemo a tsakar gidansa. Da lemon ya yi fure, sai ga sha-kauci, 'yar tsuntsuwar nan mai dogon baki da ke shan ruwan fure, wadda ba ta fi babban yatsa girma ba. Ta yi ta ɗebo busasshiyar ciyawa tana ɗinkewa da yanar gizo-gizo, har ta rataye sheƙa kamar 'yar jaka a ƙarshen reshe, ta shimfiɗe cikinta da audugar rimi. A ciki ta ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu. Mutumin kuwa ya ƙaunace su ƙwarai.

Wata rana ya hangi gidan rina dab da sheƙar. Ransa ya tashi. Ya ɗaura ciyawa a kan gora zai kunna wuta, yadda aka saba korar rina.

Matarsa ta ce, "Maigida, wa za ka ƙona da rana tsaka?"

Ya ce, "Rina mana! Za su kashe mini 'yan tsuntsayen nan."

Ta yi dariya ta ce, "Kai ka fi uwarsu sonsu ke nan? Rinar ta riga ta zuwa. Ga rassa ko'ina, amma uwar ta zaɓi wannan. Kuma wutar taka za ta bambance rina da sheƙa?"

Sai ya jingine gorar, amma hankalinsa bai kwanta ba.

Ana nan sai kyanwar maƙwabta ta ji kukan 'ya'yan, ta hau itacen tana sanɗa. Da reshen ya girgiza, rina suka taso mata gaba ɗaya. Ta faɗo, ta tsallake danga da gudu. Can sai ga uwar ta dawo, ta ratsa ta tsakiyar rinar, ko ɗaya bai taɓa ta ba, ta ciyar da 'ya'yanta.

Mutumin ya kama baki, ya ce, "Ya Ubangiji, wa ya koya mata wannan? Ashe masu gadi na so in ƙona!"

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: sheƙar ita ce ranmu, rina kuwa su ne abubuwa masu zafi da Allah ya ajiye kusa da mu, kamar tsawatawar iyaye, ko abokin da ba ya ɓoye mana gaskiya. Mukan roƙa a kawar da su, don harbinsu kaɗai muke gani. Amma wanda ya ba 'yar tsuntsuwa wannan hikima ya san abin da ke sanɗa a gindin itacenka. Kafin ka kunna wuta, ka jingine gorar, ka tambaye shi.