Kwamfutoci Tara, Makulli Ɗaya

Ranar Talata, takwas ga Afirilu na shekarar 2025, da ƙarfe goma da minti ashirin da biyu na safe, wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar ɗakin karatu na Rafin Kuka, ta juye mana kwamfutoci goma sha bakwai kamar mai juye yashi. Na duba agogona na rubuta. Haka aka hore mu a makarantar mishan: abin da ba a rubuta lokacinsa ba, gardama ce ake ajiye wa jikoki. Ku gyara zama, don in na gama, ku za ku yanke hukunci. Ni na kasa.

Wani banki ne a birni ya sake kaya, ya ce a kai wa mutanen ƙauye tsofaffin sadaka. Direba ya ce in sa musu albarka, na sa. Da muka jona su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta ce uffan, ban da guda ɗaya da ta yi hayaƙi.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina riƙe da makullin ɗakin nan. A cikinsa akwai littattafai ɗari shida da tara, da benci huɗu, da kuma kundayena na ruwan sama. Tun 1966, da malaminmu zai koma ƙasarsu ya damƙa mini ma'aunin ruwa, ban taɓa fashin rubuta abin da ya sauka a garin nan ba, ko da yayyafi ne. Ranar da aka binne matata ma an yi ruwa. Rabin inci ne.

Ginin kuwa, ko da yake 'yan mishan suka gina shi, yanzu na ƙungiyar gari ne, kuma shugabanta, Alhaji Barau Mai Taki, ya daɗe yana yi wa ɗakin kallon kura da akuya, saboda rufinsa ba ya yoyo. Da ya ga tarkacen a ƙofa, sai ya samu hanya.

Ya ce, "Malam Ishaya, an kawo maka gawarwaki ka yi musu zaman makoki ke nan? To ji nan. Daga yau zuwa Juma'a biyu ga Mayu, sha biyun rana, in waɗannan abubuwa suka faɗa wa manomi wata magana mai amfani, ɗaki naka ne har abada. In ba su faɗa ba, su a kai wa 'yan gwangwan, littattafanka a kai maka gida, ni in zuba taki."

Na ce na ji. Ban san ta inda ake kunna su ba ma, amma na ce na ji. Mutum uku ne suka fitar da ni kunya.

Na farko Ɗantala ne, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, mutumin da bai taɓa jefar da ko ƙusa ba. Ya kwance su duka goma sha bakwai, ya baje kayan cikinsu a tabarma kamar mahauci ranar salla. A cikin ɗaya ya tarar da sheƙar ɓera, a wata busasshen goro, a wata kuma takardar neman hutu da wani ma'aikaci ya rubuta bai miƙa ba. Ya cire ƙwaƙwalwar wannan ya dasa wa waccan, ya ari fankar matacciya ya ba mai sauran numfashi, ya liƙe abin da ya tsinke da dalma. Kwana goma sha biyu shagonsa na rufe, masu rediyo suna zaginsa ta taga. A ƙarshe tara suka tashi, takwas suka zama abin da ya kira "sun ba da jikinsu sadaka." Ya raɗa wa kowace suna. Akwai Mai Tari, saboda ƙarar fankarta, da Kurma, wadda sai an danna ta sau uku, da Gurguwa, da aka tokare da bulo, da Doguwa, da Baƙuwa, wadda rubutunta duk da wani harshe yake fitowa, da tagwaye Hassana da Usaina, da Auta, ƙarama mai zafin nama, sai Kaka, wadda tambarin bayanta ya nuna an ƙera ta a 1998. Ba don Ɗantala ba, da ba mu da komai sai ƙarfe.

Ta biyu Malama Rifkatu ce, mai koyar da lissafi a sakandaren gari. Ita ta dubi kundayena ta ce a nan maganar manomi take: in aka ba na'ura ruwan shekara hamsin da tara, ta juya shi ta gwada damina dubu-dubu, za ta iya faɗin makon da ruwa ke zama sosai, don kada a yi shuka a ruwan farko iri ya ƙone. Mako guda ina karanto mata tana bugawa. Amma ta ce kowace ɗaya cikin tsofaffin nan, in ita kaɗai ce, sai ta yi kwana ashirin da huɗu ba ta gama ba, mu kuwa saura mana biyar.

Ta ce, "Baba Malam, gonar da mutum ɗaya zai yi wata yana nomewa, ai gayya kan tashe ta kafin azahar. Gayya za mu yi musu."

Ta haɗa su da wayoyi, duka suka taru a wani ɗan akwati mai ƙyafta ido. Ta yanka lissafin kunya-kunya, ta rubuta musu ƙa'ida: ɗaya ce za ta zama uwar gayya, ta raba wa kowace tata kunyar, in an gama ta karɓa ta ba da wata. Ta zaɓi Auta.

A nan ne na yi kuskurena, kuma na rubuta shi a kundi kamar yadda na rubuta na kowa. Na ce ba a gabana ba. Tun da nake ban taɓa ganin gayyar da aka bar babba a kunya yarinya na rabon aiki ba. Kaka ce za ta raba. Malama ta dubi furfurata, ta ba Kaka rabon.

Ranar Litinin ashirin da takwas ga wata aka fara. Kaka takan ɗauki minti goma sha ɗaya kafin ta amsa sallamar kowace. Ga ta da mantuwa: duk sanda ta farka, a ganinta ɗaya ga Janairun 1998 ne, don haka in 'yan'uwanta suka kawo aikin da suka gama sai ta ƙi karɓa, wai ranar da ke rubuce a jiki ba ta zo ba tukuna. Har rana ta faɗi ba a nome kunya ɗaya ba. Ni kuwa na kafe, don tsoho in ya yi kuskure a gaban jama'a, kuskuren kan zama ɗansa.

Da safe Malama ta zo da wani kyakkyawan ƙyalle mai aiki. Ta rusuna ta ce, "Baba Malam, na kwana ina tunani, mun ci mutuncin Kaka. Babba ai ba ya rabon kunya. Sarauta ake ba shi, ya zauna ya sa albarka."

Maganar ta shige ni. Nan take muka naɗa Kaka Magajiya, aka shimfiɗa ƙyallen a kan teburina aka ɗora ta, aka ja mata waya mafi kauri don girmamawa. Auta ta karɓi rabo daga ƙarƙashin benci, aiki ya kama gudu. Sai bayan wata biyu, ina shara, na ga inda wayar Magajiya ta ƙare: a bayan kabad, an ɗaure ta a ƙusa. Ba don Malama Rifkatu ba, da muna da na'urori tara masu rai, kowace na kallon bango.

Ta uku Iya Ladingo ce, maginiyar tukwane da ke bayan ɗakin, wadda ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Ku sani cewa wutarmu ta sola ce, batiranta sun mutu tuntuni, don haka sai da rana tsaka ake aiki, ga bazara, ga rufin kwano. Wayoyin Malama kuma gajeru ne, dole aka cusa na'urorin a lungu ɗaya, jiki na gugar jiki. Ranar Laraba, ƙarfe ɗaya saura kwata, Doguwa ta yi wata ƙara ta mutu. Bayan minti tara Usaina ta bi ta. Ɗantala ya kama fifita da murfin kwali, Malama ta dafe kai, ni na rubuta lokaci. Sai ga Ladingo ta leƙo tana shinshina.

Ta ce, "Malam, me kuke gasawa ba ku kira ni ba?" Ta shigo ta dafa Mai Tari, ta janye hannu. "Wane gwani ne ya jera su haka? Ai haka nake jera tukwane in ina so su gasu!"

Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta koma gida ta ɗauko taɓarya, ta hau benci, ta fasa tubali uku a saman bangon yamma, bangon da aka gina tun 1952.

Na ce, "Ladingo, ginin mishan ne fa!"

Ta ce, "To su zo su hana ni. Zafi sama yake hawa, Malam, in bai ga ƙofa ba sai ya dawo ya zauna a kanku."

Ta sa aka rarraba na'urorin iyakar tsawon wayoyinsu, kowace a kan murhun tubali uku don iska ta bi ta ƙarƙashi. Ta rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a tagogin gabas, ta girke randuna huɗu cike da ruwa a ƙasansu. Iska ta riƙa shigowa da sanyi tana fita ta ramin da zafi. Kwana biyu tana zirga-zirga tsakanin rijiya da taga, buhu na bushewa tana jiƙawa. Bokiti sittin da ɗaya na ƙirga. Tukwanen da ta gina a makon nan duk suka tsattsage don ba mai kula da su. Ba don Iya Ladingo ba, da gayyar ta ƙone a gona.

Ranar Juma'a, sha ɗaya da rabi, Alhaji Barau ya iso da 'yan dako huɗu da motar taki, ya zauna yana kallon agogona, don nasa na gaba da minti goma kuma na ƙi yarda da shi. Sha biyu saura minti bakwai, rubutu ya bayyana a allo. Malama ta karanta: kada a yi shuka a ruwan farko, a jira tsakanin takwas da sha biyar ga Yuni.

Alhaji ya yi tsaki. Ya ce, "Wannan ne? Ai abin da kakana ke faɗa ke nan tun ina yaro!" Ya sake tunani. Sai ya miƙe, ya cire takalmi. "Na'urar da bakinta ya zo ɗaya da na kakana ba ta ƙarya." Ya wuce Auta a ƙarƙashin benci ko kallo ba ta ishe shi ba, ya je gaban tebur ya durƙusa wa Kaka. "Ranki ya daɗe, Magajiya. Aiki sai manya."

Yana cikin gaisuwar, Auta ta ɗauke wuta, ba ta sake tashi ba. Sha biyu da minti huɗu. Ruwa kuwa ya zauna ran goma ga Yuni, inci ɗaya da kwata. Ni na auna.

Shi ne kuma awo na ƙarshe da na yi da idona. Yanar ido ta rufe mini gani, layukan ma'aunin sun zama hazo. Dole in miƙa makulli, kuma su ukun kowa ya nuna yana so. Kada wani ya ce a ƙera makulli uku a raba musu: kwaɗon na mishan ne, maƙera uku sun gwada sun kasa.

Ɗantala ya ce shi ya ta da matattu. Amma an gano fankar Doguwa a juye ya ɗaura ta, tana hura zafi ciki. Malama Rifkatu ta ce ita ta mai da tara suka zama ɗaya. Amma ita ta cusa su a lungu, kuma ta yi wa tsoho wayo da waya a ƙusa, ko da yake tsohon ya ci a yi masa. Iya Ladingo ta ce mai ɗaki shi ne wanda ya san ta inda iska ke shiga. Amma ta fasa bango ba izini, kuma Ɗantala na rantsuwa cewa laimar buhunanta ce ta kashe Auta, ita kuma tana cewa dalmarsa ce.

Ga waɗanda suka rage, kamar yadda na sa aka rubuta mini jiya:

Mai Tari, tana nan tana tari.

Kurma, yanzu sai an danna ta sau huɗu.

Gurguwa, a kan bulonta.

Baƙuwa, har yau ba wanda ya san harshenta.

Hassana, ita kaɗai.

Kaka, Magajiya, a kan ƙyallenta. Manoma kan zo gaishe ta ranar kasuwa, wani ma ya kawo mata ƙwai. A wurinta har yanzu ɗaya ga Janairu ne.

Rami ɗaya a bangon yamma, tsuntsu ya yi sheƙa a gefensa.

Littattafai ɗari shida da tara, kundayen ruwa, da ma'aunin da ke jiran ido.

Sai ni, da makulli ɗaya a aljihu.

To, jama'a, tsakanin wanda ya ba su rai, da wadda ta haɗa kansu, da wadda ta hana su ƙonewa, a tafin hannun wa zan sa shi?