Wutar Gafiya a Rumbun Baba Aper

Akwai wani manomi Batibi mai suna Aper da ke noman doya a hanyar Kwandere, kusa da Lafia. Mutum ne mai faɗa, ko akuya ta leƙa gonarsa sai unguwa ta ji. Amma ku tsaya ku ji abin da ya yi a ranin 1984.

Maƙwabciyarsa Batulu tana da ɗa ɗaya tak, Salmanu, ɗan shekara goma sha biyar, maraya. Da rani yara kan cinna wa ciyawa wuta don gafiya ta fito su buge ta. Ran nan Salmanu ya ƙyasta ashana, iska ta juya, wuta ta nufi rumbun da Aper ya ajiye irin doyarsa a gona. Kafin mutane su kawo ruwa, komai ya zama toka. Gafiyar ma ba a kama ba.

'Yan sanda suka tafi da yaron. Aka ce kotu za ta tura shi gidan yari. Batulu ta kasa ci ta kasa sha.

Da safe mai unguwa Na'Allah ya tara mutane a ƙofar gidansa. Aper ya iso idonsa jajur, kowa ya ce yau Salmanu ya shiga uku.

"Ranka ya daɗe," in ji Aper, "wuta ya cinye doya na duka. Raina ya ɓaci sosai. Amma in sun kulle yaro, wa zai yi min tudun doya? Fursuna?"

Wani ya ce, "Baba Aper, a bari ya ji a jikinsa mana."

"Zai ji!" in ji Aper. "Garma na zai koya masa. Can ciki kuwa ɓarayi ne za su koya masa."

Batulu ta durƙusa tana kuka. "Baba Aper, Allah ya saka maka."

"Tashi, Maman Salmanu. Ba kyauta ba ne, aiki zai yi."

Mai unguwa da Aper suka je caji ofis, aka janye ƙara, aka ba su yaron. Unguwa kuma ta yi gayya. Musulmi da Kirista kowa ya kawo irin doya daga rumbunsa, wani kwando, wani 'yan ƙwaya, har aka samu na shuka.

Salmanu ya sha garma a daminar nan, hannunsa duk ya yi kanta. Aper yana faɗa, matarsa Mnena tana zuba wa yaron sakwara. Da kaka ta yi, Aper ya nuna masa yadda ake share ciyawa kewaye da rumbu har ƙasa ta fito fili, don wuta ta rasa abin kamawa. Daga nan ya ce ya sallame shi.

Sai dai Salmanu bai sallamu ba. Ya girma, ya yi aure, ya yi tasa gonar a Azuba, amma duk farkon rani sai ya zo da fartanya ya share kewayen rumbun tsohon, ba wanda ya aike shi.

A ranin 1993 wata babbar gobara ta taso daga daji, ta cinye rumbuna da dama a hanyar Kwandere. Aper, wanda ƙafa ta fara gagara, ya dogara sanda ya isa gona yana salati irin nasa. Ya tarar wuta ta zo bakin sharar Salmanu ta tsaya. Ko doya ɗaya ba ta taɓa ba.

Tsohon ya daɗe yana kallon baƙar ƙasar. Sannan ya juya ga Salmanu da ya iso a guje, ya ce, "Da na bari sun kulle ka, yau da ni da Mnena me za mu ci?"

Darasi: Yaron da ya yi kuskure, a bar shi cikin mutanensa ya gyara ɓarnarsa da hannunsa. Kurkuku ba ya mayar da abin da ya ƙone, yaron kawai yake ƙara ƙonawa. Ku tura wa iyaye da masu unguwanni su karanta.